Kafin ka sayi babur ko keke mai lantarki, ga abubuwan da za ka duba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, duk mai babur ko ɗan sahu ya san yadda lissafi ya canza, litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa yanzu in ka zauna majalisa sai ka ji ana zancen mashin mai caji, wani ya ce ya gani a TikTok, wani ya ce a Maiduguri har motocin haya masu lantarki suna yawo, kuma gaskiya ne, can ne Mustapha Gajibo ya fara maida ƙananan bas zuwa masu batir, gwamnatin Borno ma ta shigo da nata daga baya. A Chana kekuna masu lantarki sun haura miliyan 300. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai tun 2024, a Kigali babban birnin Ruwanda kuwa daga Janairun 2025 an daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista. To abin yana zuwa ko muna so ko ba ma so, damuwata ita ce kada mutanenmu su zuba kuɗin da suka sha wuya wajen tarawa a kan kayan da zai mutu cikin wata takwas.

Abu na farko ka sa a ranka, batir kake saye. Fenti, fitila mai kyau, allon da ke nuna lamba, duk wannan ado ne, batir shi ne ya fi komai tsada a jikin mashin ɗin kuma shi ne zai fara gajiya. Don haka in ka shiga shago kada ka fara da tambayar gudu nawa yake yi, ka ce a buɗe maka wajen batir ka gani da idonka.

Iri uku za ka tarar. Akwai na dalma, irin wanda muka sani a mota da inbata, shi ne mai araha kuma shi ne a yawancin ƙananan baburan da ake sayarwa da sauƙi. Yana da nauyi sosai, in ana ƙarar da shi kullum caji 300 zuwa 500 ne ya gama aiki, wato mai haya ba lallai ya kai shekara biyu da shi ba. Sai lithium, shi ma kala biyu ne a kasuwa, akwai NMC akwai LFP wanda wasu ke rubutawa LiFePO4. NMC ya fi rashin nauyi, yana ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin jiki, amma ba ya son zafi kuma in ya samu matsala shi ne mai saurin kamawa da wuta. LFP ya ɗan fi nauyi amma yana jure zafi, ba ya saurin kamawa, kuma mai kyau yana yin caji 2,000 har sama. Ni dai ga wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai inda zafin Afrilu ke wuce 40, LFP nake ba shawara ko da ya fi tsada, in kuɗinka bai kai ba gara ka ƙara haƙuri ka tara. Na dalma ya dace ne kawai da wanda zai je kasuwa ya dawo ko ya kai yara makaranta, ba mai neman abinci da shi ba.

Yanzu lissafin da zai hana a cuce ka, kuma ba shi da wuya wallahi. A jikin batir akwai lamba biyu, ɗaya da V ɗaya da Ah. Ka ninka su. Misali 72V da 40Ah, 72 sau 40 ya ba ka 2,880, wato kusan yunit 3 kenan na wutar da mita ke ƙirgawa. Babur mai ɗaukar mutum biyu a titinmu yana cin wajen 40 zuwa 50 daga cikin wannan lamba a kowace kilomita, to raba 2,880 da 45 za ka samu kilomita 64. Wannan shi ne abin da za ka sa rai da shi, ɗan sama ko ɗan ƙasa. In mai shago ya ce maka wannan batir ɗin zai yi kilomita 150 ka san lissafin kamfani yake karanta maka, wanda aka gwada da mutum ɗaya mara nauyi a shimfiɗaɗɗen titi yana tafiya a hankali, ba da buhun masara a baya ba. Keke mai ƙafa uku da fasinja cike kuwa ka ɗauka zai ci kusan ninki biyu na babur, don haka batir mai yunit 3 ba zai kai ɗan sahu ko'ina ba, sai mai girma sosai ko kuma guda biyu ana canzawa.

Kuma fa lambar da aka manna ma ba kullum take gaskiya ba, sitika ce kowa zai iya bugawa. Ɗaga batir ɗin ka ji. LFP mai yunit 3 yana kai kilo 20 zuwa 25, in an rubuta 72V 60Ah amma ka ɗauke shi da hannu ɗaya kamar jakar makaranta to akwai magana. Wasu ana haɗa su ne da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka ciro daga wani wajen aka sa musu sabuwar riga. Hanya mafi tabbas ita ce gwaji, a cika shi, ka kunna manhajar taswira a wayarka da ke auna tafiya, ka hau da mutum a baya ku yi ta yawo har ya yi ƙasa. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba ko da zai ce ka ajiye wani abu. Sannan ka tambaya ko batir ɗin yana da BMS, wani ɗan allo ne a ciki da ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko zafi ya yi yawa, kuma yana daidaita ƙwayoyin. Masu kyau ana haɗa su da waya ta Bluetooth ka ga ƙarfin kowace ƙwaya da sau nawa aka taɓa cajin batir ɗin, anan ne asirin tsohon batir ke tonuwa. Garanti kuma a rubuce, wata nawa, me ya ƙunsa, wa za ka kai wa. Na baki ba ya aiki ranar da abu ya lalace.

Sai tambayar da mutane ke tsallakewa saboda zumuɗi, a ina za ka yi caji. Caja mai 10A tana cika batir 40Ah cikin awa 4 zuwa 5, tana jan wuta wajen wat 900. In unguwarku ana samun wuta da daddare to ka huta. Ko a layin Band A, wato wanda ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, da yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, cika wancan batir ɗin bai wuce naira 700 ba, ka kwatanta da kuɗin lita ɗaya da rabi ko biyu da babur mai fetur zai sha a tafiya iri ɗaya. Amma in sai ka tada janareto za ka yi caji, ribar ta tafi, man da ka gudu shi za ka koma saya, ƙaramin janareton nan ma ba zai iya ɗaukar cajar da kyau ba. Sola ita ce mafita ta gaskiya a wajenmu tunda Allah Ya hore mana rana, fanel mai wat 550 guda biyu zuwa uku da inbata mai ɗan ƙarfi za su cika batir ɗin a yini. Matsalar kawai ita ce lokacin da rana take shi ne lokacin da kake kan titi, shi ya sa masu haya ke buƙatar batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji a gida, da azahar ka dawo ka canza.

Akwai kuma tsarin musanya, wanda kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo da wasu jihohin Najeriya, da Ampersand a Ruwanda suke yi. Babur naka ne, batir na kamfani, in ya ƙare ka je tasharsu ka ajiye ka ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna ka biya kuɗin wuta. Yana rage kuɗin saye sosai kuma lalacewar batir ba ta kanka ba ce. Sai dai ka ɗaure kanka da su, inda ba tasharsu ba ka zuwa, in sun ƙara farashi ba yadda za ka yi. Kafin ka shiga ka zaga da ƙafarka ka ga tashoshin da ke aiki a hanyar da kake bi, ka tsaya ka tambayi masu hawa ko suna samun cikakken batir da yamma lokacin da kowa ke nema.

In ka saya, yadda za ka riƙe shi shi ne zai nuna ko zai yi shekara biyar ko biyu. Zafi ne babban abokin gaba. Kada ka dawo daga aiki batir na ɗumi ka cusa caja nan take, ka bar shi ya huce kamar rabin awa. Kada ka yi caji a tsakar rana ko cikin shagon kwano da aka rufe, lithium ba a son cajinsa in zafinsa ya wuce 45, kuma ƙarƙashin kujerar babur da aka ajiye a rana yana wuce haka nesa ba kusa ba. Nemi inuwa ko da za ka ƙara taku. Kada ka riƙa shanye shi har mashin ya tsaya da kansa, in ya sauko kashi 20 ka nufi gida. LFP yana son a cika shi fal lokaci-lokaci don BMS ya daidaita ƙwayoyin, NMC ya fi daɗewa in ana tsayawa wajen kashi 80 zuwa 90, na dalma kuwa da ka dawo ka sa shi caji kada ya kwana a ƙare. In za ka yi tafiya ka bar shi sati da yawa, lithium a bar shi a rabi, ba cike ba ba ƙare ba.

Maganar caja dan Allah a kiyaye, kada ka ari ta maƙwabci don kawai bakinta ya shiga. Duk ana ce musu 72V amma NMC yana cika ne a 84V, LFP mai ƙwaya 24 sai 87.6V, ka ga in ka sa ta biyun a na farkon kana tura masa abin da ya fi ƙarfinsa, in BMS ɗin na banza ne to gobara ake nema. A New York gobarar batiran kekuna ta yi ta cin rayuka har sai da suka kafa doka a 2023 cewa ba a sayar da wanda bai ci gwajin inganci ba, mu nan ba mai duba mana, kai ne za ka duba wa iyalinka. Kada ka yi caji a ɗakin da ake kwana, kada ka yi a zaure ko bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kada ka ɗora shi kusa da katifa ko jarkar mai. Soket mai kyau, waya mai kauri, ba irin jone-jonen nan da ake naɗewa da leda ba, in wutar unguwarku tana hawa da sauka ka sa sitabilaiza. Ranar da ka ga batir ya kumbura, ko yana wani wari, ko yana zafi alhali ba a aiki da shi, cire shi ka kai fili nesa da mutane kada ka ƙara sa shi. In ya fara hayaƙi kowa ya matsa, hayaƙin guba ne, a yanke wutar gidan a kira 'yan kwana-kwana, kuma ko ya mutu a ci gaba da sa ido domin yana iya sake tashi.

Ta ɓangaren gyara akwai sauƙi sosai, babu baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, babu kulochi. Abin da ya rage taya ne da birki da beyarin, sai sarƙa in injin ɗin na tsakiya ne. Wanda injinsa ke cikin ƙafar baya ba shi da sarƙa ma, amma ramukan titi suna dukansa kai tsaye kuma faci yana ɗan ba da wahala, ka tsaya kan mai faci kada ya fizge wayar da ta shiga cikin ƙafar. Iskar taya ka riƙa dubawa duk sati domin taya mai laushi tana shan batir ba kaɗan ba. Da damina yayyafi ba komai, amma kada ka kutsa cikin ruwan da ya kai tsakiyar ƙafa, kuma a wajen wanki ka hana su harba ruwan matsi kan kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, da bakin caji, tsumma mai ɗanshi ya isa. Da hunturu ƙura na taruwa a mahaɗan wayoyi, a riƙa gogewa.

Kafin ka biya ka tambayi mai shago abu uku, in kwantirola ta ƙone akwai wata a ƙasa, in caja ta lalace nawa ce, kuma wane bakanike ne a garin nan ya iya aikin. In ya fara kame-kame cewa za a yi oda daga waje ka san mashin ɗinka zai iya yin wata biyu a jingine. Matasanmu masu gyaran inbata da haɗa sola su ne suka fi kusa da wannan aiki, wanda ya iya aiki da mitar gwada wuta da karanta BMS ya riga ya yi rabin hanya, ina ma a ce da yawa za su fara koyo tun yanzu.

Ga mai haya kuma, kullum ka riƙa ware kuɗin sabon batir daga cinikin ranar kamar yadda kake ware balas. Raba kuɗin batir ɗin da yawan cajin da ake sa ran zai yi, abin da ya fito shi za ka ajiye duk cajin da ka yi, don kada ranar da ya gaji ta same ka hannu babu komai.

Hawansa ma sai an ɗan saba. Ƙarfinsa na zuwa ne nan take da ka murɗa totur, ba ya jiran giya, don haka kwanakin farko ka murɗa a hankali musamman da fasinja a baya, kuma in ka tsaya ka kashe makulli saboda yaro na iya zuwa ya murɗa hannun yana zaton a kashe yake. Ba shi da ƙara, mai tafiya a ƙasa ba zai ji zuwanka ba, a lungu da bakin makaranta da cikin kasuwa ka rage gudu ka riƙa danna hon tun daga nesa.