Yadda nake riƙe wa mesata laimar iska daga hunturu zuwa damina

Shekarar farko da na ajiye mesa a gidana a Zariya, cikin watan Janairu ta yi saɓa, sai saɓar ta fito gutsi-gutsi kamar an yayyaga tsohuwar leda. Wani ɓangare ya manne mata a gadon baya, wani ya zagaye ƙarshen jelarta kamar zobe. Da na nuna wa yayana na ce masa bushewar iska ce ta jawo, cewa ya yi, "Haba kai kuwa, ai 'yar ƙasar nan ce. Wa yake zuba mata ruwa a daji?" Na ce, "Yaya, a daji ba a fili take wuni ba."

Wadda nake kiwo ita ce ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ana samunta tun daga Senegal har Uganda, kuma akasarin waɗanda ake fitarwa zuwa Turai da Amurka daga Togo da Benin da Ghana suke fita. To amma da rana tana cikin rami ne, ramin ɓera ko tsohon suri. Duk wanda ya taɓa haƙar gafiya da rani ya san yadda ƙasar ciki take da sanyi-sanyi da danshi, ko da a waje ƙasa ta tsattsage. Iskar wannan ramin ce za ka kawo mata cikin akwati, ba iskar tsakar gidanka ba.

Abin da nake nema shi ne laimar iska, wato danshin da ke cikinta, ta tsaya tsakanin kashi 60 da 70 cikin 100, idan za ta yi saɓa kuma ta kai 75 zuwa 80. A tsakiyar hunturu iskar garinmu takan sauka ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ke fasa dunduniya. Ka ga nisan da ke tsakani.

Kada ka yi komai sai ka fara aunawa. Sayi na'urar auna laima mai batir, wadda ke nuna lamba a gilashi. Irin mai allura da ake mannawa a bango takan yi ƙarya sosai, gam ɗin bayanta kuma idan ya saki yana iya kama fatar macijiya. Ko mai lambar ma gwada ta da gishiri. Cika murfin kwalba da gishirin miya, ɗiga masa ruwa har ya jiƙe kamar yashin gini amma kada ya narke, sa shi tare da na'urar cikin roba mai rufuwa gam, ka bar su su kwana. Da safe ya kamata ka ga 75. Tawa 70 ta nuna, don haka kullum ina ƙara 5 a kan abin da ta ce. Ajiye ta ƙasa-ƙasa, kusa da inda mesar ke kwanciya, don can sama kusa da murfi ba nan take shaƙar iska ba. Ina da guda biyu, ɗaya a ɓangaren akwatin da nake ɗumamawa, ɗaya a ɓangaren sanyi. Ta ɓangaren ɗumi kullum lambarta ta fi ƙasa, kuma haka ya kamata, saboda iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa. Da ta ɓangaren sanyi nake yanke hukunci.

Sai akwatin kansa. Nawa na gilashi ne mai murfin ragar waya, tsawonsa santimita 120, kuma ta wannan ragar duk ruwan da na zuba yake guduwa. Na rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da farantin roba, na bar inda ƙwan ɗumi yake, wato ƙwan lantarkin da ke ɗumama akwatin, da wata 'yar kafa a ɗaya gefen don iska ta ratsa. Kada a toshe duka. Iskar da ba ta motsi ita ke kawo wari da funfuna. Ka kuma janye akwatin daga saitin fanka da taga, balle ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke tsotse ruwan iska.

Shimfiɗar ƙasa ita ce uwar aikin. Da farko takardar jarida nake shimfiɗawa, wadda ba ta riƙe komai. Yanzu ɓawon kwakwa da aka daddatsa nake sawa, kaurinsa ya kai santimita 10. Wanda ake sayarwa a danne kamar bulo sai an jiƙa shi ya kumbura, a matse, sannan a shimfiɗa. Kada ka ɗebo garin katako daga wurin kafinta. Ba ka san itacen da aka yanka ba, ba ka san maganin gara da aka shafa masa ba, kuma man wasu itatuwa masu ƙamshi yana cutar da huhun maciji.

Ga yadda nake shayar da shimfiɗar. Ba na jiƙa samanta. Ina ture ɓawon a kusurwa, in tsiyaya ruwa da buta har ya sauka ƙasan akwatin, in mayar da busasshe a kai. Ruwan yana kwance a ƙasa yana tashi a hankali kwana da kwanaki, saman da take jan ciki a kai kuwa a bushe. A hunturu kofi biyu nake zubawa duk bayan kwana uku, amma naka zai iya bambanta, na'urar ce za ta gaya maka. Idan ka damƙi ɓawon ƙasa ka matse, ya kamata ka ji sanyinsa a hannu, ruwa kuma bai ɗiga ba. In ya ɗiga, ka yi yawa. Wannan bambancin ne mutane ke kuskurewa: laima a iska take so, ba kwanciya cikin jiƙa ba. Mesar da ta daɗe a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, musamman mai ƙazanta, ɓawon cikinta yakan yi ja ko ruwan ƙasa, ya yi ƙuraje, ya fara ruɓewa. Duk sati nake ɗaga ta in duba cikin.

Dabarar da na fi jin daɗinta daga randar mahaifiyata na same ta. Randa tana sanyaya ruwa ne don jikinta na tsatsafa. Sai na je wurin wata dattijuwa mai tukwane na ce, "Inna, kasko nake so mai zurfi, wanda ba a shafa masa komai ba." Ta ce, "Ɗan nan, tuya za ka yi ko turare?" Na ce na wata dabba ce mai son ɓuya. Na fasa masa ƙofa a baki, na goge kaifin da dutse har ya yi sumul, na kife shi ya zama ɗakinta. Duk bayan kwana biyu ina jiƙa bayansa da ruwa, ƙasar ta sha, cikinsa ya zama kamar rami. Ɗakuna biyu take da su, ɗaya a wurin ɗumi mai digiri 31 zuwa 32, ɗaya a wurin sanyi mai 25 zuwa 27, don kada ta zaɓi ɓuya ta rasa zafin da take buƙata. Kwanon ruwan shanta mai faɗi ne kuma mai nauyi, ina sauya ruwan kullum. A hunturu nakan matsar da shi kusa da ɓangaren ɗumi don ya riƙa tururi.

Fesa ruwa da kwalba ba ya kai ko'ina. Lamba za ta haura, bayan awa ɗaya ta dawo inda take. Injin hazo kuwa ban ba shi amana ba: yana jiƙa sama, yana tara datti a bututu, ga shi wuta na iya ɗaukewa kana kasuwa.

Saɓa tana ba da sanarwa. Cikinta zai yi ja-ja, launinta ya dushe, idanunta su yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sai wasu kwanakin kaɗan ta tuɓe. Da na ga idon ya canza nake ƙara ruwa a kusurwoyi, in sa tsumma mai tsabta mai ɗan danshi a cikin kasko ɗaya, in daina ɗaukarta. Idan duk da haka saɓa ta maƙale, sa ta a roba mai ƙofofin iska tare da tawul da aka jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi, na minti 20 zuwa 30, sannan ka bar ta ta ratsa tawul ɗin a hannunka. Da haka na cire zoben jelar nan, wanda da an bar shi zai iya tsayar da jini har ƙarshen jelar ya mutu. Fatar da ta manne a ido kuwa kada ka kai mata farce ko hantsaki, wannan aikin likitan dabbobi ne. Haka ma idan ka ji tana shaƙa da ƙara, ko ka ga kumfa a baki ko hanci, ko tana buɗe baki don numfashi.

Watan Maris da Afrilu sun fi ba ni tsoro, saboda zafi da bushewa suna haɗuwa. Ina kashe ƙwan ɗumi gaba ɗaya, in sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, in ci gaba da jiƙa kasko. Da ruwan sama ya zauna kuma sai aikin ya juya. A Agusta iskar ɗaki kanta takan haura kashi 80, don haka nake cire farantin robar, in daina zuba ruwa a kusurwa, in riƙa motsa ɓawon ina neman farar funfuna. Raɓar da ta wuni a jikin gilashi alama ce iska ba ta fita.

Duk saɓar da ta yi ina warware ta a kan tebur in duba abu biyu: 'yan ƙwaryoyin ido guda biyu a kan, da tsinin jela a ƙarshe. Ta watan Disambar da ya wuce, ana tsakiyar ƙura, guda ɗaya ta fito a nannaɗe kamar safa, duka biyun suna nan.