Yadda ake rubuta allon gargaɗi a injin casar shinkafa

Na daɗe ina kula da ma'aikata a wani injin casar shinkafa a Argungu, kuma duk sabon da aka ɗora wa aikin allon gargaɗi wuri guda yake tuntuɓe: sai ya je ya faɗa wa mai fenti saƙo da baki. Kada ka yi haka. Rubuta a takarda, ka tsaya a kansa har ya gama.

Allo ɗaya, magana ɗaya. Launi kuma ba ado ba ne: ja hani, ruwan ɗorawa gargaɗi, shuɗi umarni kamar sa takunkumi, kore hanyar fita.

Yanzu ga inda ni na sha kashi. Jikin akwatin lantarkinmu na sa aka rubuta "IDAN DA MATSALA A KASHE WUTA". Hausa ce lafiyayya, ba harafin da ya ɓace. Ran da waya ta fara hayaƙi, wani yaro mai dako ya sheƙo da bokitin ruwa. Da ƙyar aka riƙe hannunsa. Ya ce, "Yallaɓai, ai ku kuka ce a kashe wuta." Gaskiyarsa. Tun ranar ba na yarda da "wuta" ita kaɗai a allo, sai dai "lantarki" ko "gobara".

To ba kowane kuskure ke kashe allo ba. In mai fenti ya manta lanƙwasar ɓ ya rubuta "KADA A TABA", za a gane, sai dai a yi ta tsokanarka da zancen sigari. Wanda ba ya gyaruwa da uzuri shi ne kibiyar da ta nuna ƙofar da ke kulle, ko lambar waya mai alƙaluma 10 maimakon 11. Irin wannan, a wurina, babu allo ke nan. Kira lambar da kanka kafin a shafa fenti, ka ƙara lambar gaggawa ta 112 a ƙasanta.

Kafin ka biya, kawo mai dako biyu su karanta, su gaya maka me za su yi. In akwai masu ajami, a ƙara musu layi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba.

A kafe allon daidai ido, nesa da inda ake jibge buhuna. Ƙurar ƙaiƙayi na rufe rubutu, a riƙa gogewa duk Asabar.