Yadda Ake Bin Salsalar Iyalin Manoma a Karkarar Amurka

Mai son gano tsatson wani iyali na karkarar Amurka ya fara daga waɗanda ke raye, sannan ya riƙa komawa baya kaka bayan kaka, domin wanda ya yi gaggawar kamo kakan da aka ce shi ne ya tsallako teku yakan jingina wa iyalin zuri'ar da ba tasu ba. A zauna da tsofaffin gida, a nemi Littafi Mai Tsarki na iyali, inda manoma da yawa suke rubuta ranakun haihuwa da aure da rasuwa, a kuma karanta duwatsun maƙabartar coci ko wadda ke gefen gona.

Daga nan sai takardun ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk bayan shekara goma tun 1790. Ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, saboda haka ta 1950 ce ta baya-bayan nan da aka buɗe, a 2022, kuma ana iya duba su kyauta a shafin FamilySearch. Kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, kuma sai a 1880 aka fara bayyana dangantakar kowa da shi. Mafi yawan takardun 1890 sun salwanta sakamakon gobarar 1921 a Washinton, giɓin da yakan haɗiye yaron da aka haifa a 1881 ya bar gida kafin 1900.

A ganina, gona ita ce igiyar da ta fi ƙarfi a wannan aiki. Manomi zai iya rasuwa ba tare da takardar haihuwa ba, tunda jihohi da yawa ba su tsaya kan rajistar haihuwa ba sai farkon ƙarni na 20, amma da wuya ya sayi fili ko ya bar gado ba a rubuta a kotun gundumarsa ba. A takardar rabon gado ne ake ganin 'ya'ya mata da sunayen mazajensu, alhali a sauran takardu sukan ɓace da zarar sun yi aure. Idan iyalin ya yi ƙaura zuwa yamma, a nemi fayil ɗinsa na Dokar Homestead ta 1862, wadda ta ba mutum eka 160 bisa sharaɗin ya zauna ya noma ta shekara biyar. A cikinsa akan tarar da girman gidan da ya gina da shaidar maƙwabta biyu, kuma a kula da sunayensu sosai, domin sau da yawa surukai ne ko dangin da aka taso tare. A tabbatar kuma da gundumar da gonar take ciki a shekarar da ake bincike, saboda iyakoki sun sha canzawa. Jihar Bajiniya ta Yamma ma sai a 1863 ta rabu da jihar Bajiniya.

Ga zuri'ar bayi, aikin ya fi nauyi da ɗaci. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta kira yawancinsu da sunayensu, domin jerin bayi na 1850 da 1860 ya kawo shekaru da jinsi da launin fata ne kawai a ƙarƙashin sunan ubangida. Sai a duba takardun hukumar kula da 'yantattun bayi da aka kafa a 1865, sannan a bi wasiyya da lissafin dukiyar ubangidan, inda ake samun sunan uwa da na 'ya'yanta an jera su tare da kuɗin da aka ƙiyasta musu.