Yadda Ake Shirya Gasar Wasanni Biyar a Makaranta

Duk shekara idan lokacin gasar gidaje ya zo a makarantunmu na Bauchi, yaron da ya lashe gudun mita 100 shi ake ɗagawa sama ana kirari. Amma akwai wani yaron da kullum yakan zo na uku a gudu, na biyu a tsalle, na uku a jifa, ya koma gida hannu rabbana. Wannan yaron ne ke damuna, domin akwai gasar da aka ƙirƙira don irinsa, mu ne ba ma shiryawa.

Fara da sanin sunan abin da kake shiryawa. Sunayen daga Girkanci suke, kuma ƙidaya ce kawai: fentatalon wasanni biyar, heftatalon bakwai, dikatalon goma, duk mutum ɗaya ke yin su, a haɗa makinsa. Dikatalon na maza kwana biyu ake yi. Ranar farko gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama da gudun mita 400. Kashegari gudun tsallake shinge na mita 110, jifan faifai, tsalle da doguwar sanda, jifan mashi, a rufe da mita 1500. Mata kuwa heftatalon suke yi a gasar Olamfik tun 1984, kuma Nafissatou Thiam ta Beljiyam, wadda mahaifinta ɗan Senegal ne, ta ci zinarensa sau uku a jere. Kada a haɗa su da tirayatalon, wannan iyo ne da keke da gudu. Gasar gidaje kuma ba dikatalon ba ce ko da wasanninta sun kai goma, tunda yara daban-daban ke yin su.

Goma ta fi ƙarfin makaranta. Tsalle da sanda kaɗai yana buƙatar katifa mai kauri, kuma ban yarda a gwada shi a kan yashi ba. Zaɓi biyar da filinka zai ɗauka: mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama, sai mita 800. Ka jera su haka, gudu, tsalle, jifa, don ƙafa ta huta yayin da hannu ke aiki. Dogon gudu ko yaushe shi ne na ƙarshe.

Sai filin. Ramin tsalle shi ne inda ake sakaci. A tone shi tun jajibiri, a zuba yashin rafi, a yayyafa ruwa, sannan mutum ya sa hannu ya lalube shi. Na taɓa zaro fasasshiyar kwalba a ramin da yara za su dira ba takalmi. A ja layi da toka ko farar ƙasa. Dalmar manya ta maza kilo 7.26 ce, ta mata kilo 4, don haka nemi mara nauyi ga ƙananan yara. A fara da sanyin safiya, musamman idan gasar ta faɗo a watan Maris ko Afrilu, a ajiye randar ruwa a inuwa.

Dokokin kaɗan ne. Gwaji uku kacal ake ba kowa a dogon tsalle da jifa. A bar aƙalla minti 30 tsakanin wasa da wasa. Wanda ya ɓata gwajinsa duka uku shi ne na ƙarshe a wannan wasan, amma yana nan cikin gasa. Wanda ya ƙi fitowa wani wasan kuwa ya fita ke nan gaba ɗaya. Ka faɗa wa yara wannan tun kafin a busa usur, domin mai gudu zai so ya zille wa jifa.

Lissafin maki shi ne zuciyar abin. A manyan gasa akwai jadawalin hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, mai juya daƙiƙa da mita zuwa maki: tsallen mita 7.76, misali, maki 1000 ne ga namiji. Da shi Kevin Mayer na Faransa ya tara maki 9126 a dikatalon a 2018, Jackie Joyner-Kersee ta Amurka kuma 7291 a heftatalon a Seoul a 1988. Wannan jadawalin na manya ne. Ga ɗalibai na fi son hanyar da aka bi a fentatalon na Olamfik ɗin 1912, wanda Jim Thorpe ya lashe: na ɗaya maki 1, na biyu 2, haka har ƙasa, mai mafi ƙarancin jimla shi ne zakara. Yaron da ya zo na 1, 8, 7, 1 da 9 yana da 26. Wanda ya zo na 3, 2, 3, 2 da 3 yana da 13, ya yi nasara ba tare da ya lashe ko wasa ɗaya ba. Aibin hanyar shi ne ba ta duba tazara, wanda ya wuce da taku ɗaya da wanda ya wuce da goma duk ɗaya ne. Malamai biyu su riƙe takardar maki, kowa da tasa, a rubuta a allo bayan kowane wasa don kada gardama ta tashi.

Kafin mita 800, tara yaran ka karanta musu jimlar kowa da ƙarfi, kowa ya san wanda zai bi. Idan an gama kuma kada su watse. 'Yan dikatalon sukan zagaya fili tare bayan gudun ƙarshe, na ɗaya da na kashin baya. Sa naka yaran su riƙe hannun juna su yi wannan zagayen a gaban iyayensu, sannan a kira sakamako.