Yadda na magance farin tabon da sandar ruwa ke bari a gilashi

Ina wanke tagogin wani bene mai hawa uku a unguwar Barnawa, Kaduna. A da tsani da sabulu da robar share ruwa ne kayan aikina, yanzu na koma doguwar sanda mai fesa tataccen ruwa, ina tsaye a ƙasa. Sai ga fararen ɗigo-ɗigo da zarar gilashin ya bushe, sun fi fitowa idan hantsi ya haska su. Maigidan ya ce shi tsohon aikin ya fi masa.

Na zargi ƙurar hunturu, na canza buroshi, duk a banza.

Ashe ruwan ne. Na tari wanda ke fita daga bakin sandar a kofi, na tsoma mitar TDS, mai auna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, ta nuna 38, alhali ƙasa da 10 ake so. Ruwan burtsatsen da nake amfani da shi yana saurin cinye ƙarfin ƙwayoyin resin, wato ƙwayoyin da ke cikin matatar masu tsotse ma'adinai daga ruwa. Na zubar da tsoffin, na zuba sababbi, na bar ruwa yana zuba har mitar ta koma 0.

Sannan na gyara tsarin wankin. Firam na sama nake fara gogewa, don can ƙura da tsohon sabulu ke maƙalewa, in bar shi ya tsane. Sai in goge gilashin, in ɗaga buroshin, in ɗauraye daga sama zuwa ƙasa a hankali. Ba na sa tsumma, da kansa yake bushewa.

Alhamdu lillahi, maigidan ya gamsu. Cikin ɗakuna dai har yanzu roba nake sawa, tunda ba a son jiƙa ƙasa.