Yadda ake kallon tsuntsaye a bakin tafkin Nguru

Ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A lokacin ne agwagin da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Shamuwa kam kada ka neme ta, sai damina. Da an sallame asuba ka kama hanya, domin da hantsi ya ɗaga tsuntsu ya gama kiwo ya shige inuwa. Ranar da hazo ya yi kauri gara ka zauna a gida.

Farar riga ba ta zuwa wannan aiki. Sa mai ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai. Manyan nan da 'yan koyo ke sha'awa nauyi gare su, hannu ya yi ta rawa, ga tsada. In ba ka da kuɗin sabo, ɗan gwanjo ma ya wadatar muddin bai nuna maka abu biyu-biyu ba.

Inda kusan kowa ke faɗuwa shi ne isowa bakin ruwa. Sai ka ga mutum ya doshi tafki kai tsaye, yana fuskantar gabas, rana na dukan idonsa. Duk abin da ya hango baƙi ne wuluk, babu launi. Kafin ya ankara zakaran ƙeƙuwa ya gan shi ya kwarma ihu, garke duka ya tashi. To ka zagaya tukuna har rana ta koma bayanka, ko da zagayen zai ci maka lokaci. Kada ka miƙe sosai wajen tsuntsayen, bi ta gefe kamar mai wucewa abinsa. Ka samu goruba ko duhun kacalla ka raɓe, ka zauna, ka ba su kamar minti 15. Da kansu za su dawo kiwo kusa da kai.

Ɗaga madubin ma sai an koya. Idonka na kan tsuntsun, kada ka kalli ƙasa, madubin ne zai taso ya samu ido. Wanda ya sunkuya ya ɗauko ya rasa shi ke nan. Ka gwada a gida da hasbiyar da ke kan katanga har hannunka ya faɗa. In ka kama tsuntsun a madubi, fara duba baki da ƙafa da girmansa, launi daga baya, don haske yana yaudara.

Masunta sun fi kowa sanin inda tsuntsu ke kwana. Ka gaishe su da kyau, ka tambayi halin hanya, kuma kuɗin kwalekwale a yi cinikinsa tun a tudu.

Daga nan ka ratsa cikin itatuwa. A nan kunne ne jagora: taku kaɗan, tsaya, saurara. Gawo ka fi lura da shi tunda da rani yake ganye, ƙananan tsuntsaye na taruwa a kansa. Cilakowa kuwa kukanta zai riga ta iso maka. Rubuta abin da ka gani nan take a ɗan littafi, manhajar waya ta gane tsuntsaye mai suna Merlin ta taimaka da suna in ka koma gida. Sheƙa kuma ba a taɓa ta.