Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Yanka a Matakin Haɗi a Manhajojin Zanen Injina

A manhajoji irin su SolidWorks da Creo da Inventor, akwai yankan da ake yi a cikin fayil ɗin ɓangare guda, akwai kuma wanda ake yi bayan an haɗa ɓangarori wuri ɗaya. Na biyun yana wakiltar aikin da za a yi a masana'anta bayan haɗi, kamar huda ramuka a farantan ƙarfe biyu bayan an yi musu walda domin ramukan su dace da juna. Idan irin wannan yanka ya ƙi aiki, yawanci ba zanen ne ya lalace ba, matsalar tana ga abin da aka umarce shi ya yanka da kuma wurin da aka kafa shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin duba jerin ɓangarorin da yankan ya shafa. SolidWorks yana kiran wannan jeri Feature Scope, Creo yana ajiye shi a shafin Intersect, Inventor kuma yana nuna ɓangarorin a ƙarƙashin yankan a matsayin masu shiga cikinsa. Sau da yawa manhajar tana zaɓen ɓangarorin ne a lokacin da aka ƙirƙiri yankan, saboda haka wanda aka ƙara daga baya, ko aka musanya da wani, ba zai shiga jerin ba, sai a ga ramin ya ratsa faranti ɗaya ya tsallake na biyu. Gyaran shi ne a buɗe jerin a ƙara ɓangaren da hannu. Ni dai na fi son zaɓe da hannu a kan umartar yankan ya shafi komai, domin zaɓin komai yana iya huda noti ko bututun da ba a yi niyya ba, kuma yana nauyaya babban haɗi. A duba kuma ko an danne ɓangaren, wato an kashe shi na ɗan lokaci a cikin haɗin, domin wanda aka danne ba ya cikin lissafi, balle a yanka shi.

Na biye da shi shi ne kafa zanen yankan a wuri marar tabbas. Idan aka yi zanen a kan shimfiɗar haɗin, wato farfajiyar zane ta haɗin kansa wadda ba ta bin wani ɓangare, alhali ɓangaren da za a yanka bai ɗauru sosai ba, ma'ana ba a tsayar da matsayinsa a cikin haɗin ba, to da zarar ɓangaren ya gusa, yankan zai tsaya a inda yake yana yankan iska, manhajar kuma ta ba da saƙon cewa bai taɓa komai ba. Ya kamata a kammala ɗaure ɓangarorin tukuna, sannan a auna zanen daga ɓangaren da ba ya motsi. Haka nan kada a ɗaure wani ɓangare da fuskar da yankan ya samar idan yankan kansa ya dogara da wurin da ɓangaren yake, domin kowannensu zai riƙa jiran ɗan'uwansa, sakamakon kuma ya riƙa sauyawa duk lokacin da aka sabunta samfurin.

Akwai ƙananan abubuwa da ake ganowa cikin minti ɗaya: alkiblar yankan ta juya baya, zurfin da aka ba shi bai kai ga ɓangare na biyu ba, ko layukan zanen ba su rufe ba.

Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne kaurin da ya zama sifili. Misali, idan rami mai faɗin milimita 10 yana da cibiya a milimita 5 cif daga gefen faranti, da'irarsa za ta taɓa gefen a layi guda, kuma manhajar ba ta iya gina jikin da kaurinsa ya ƙare a sifili. A gusar da ramin ya bar ƙarfe na gaske, ko ya ratsa gefen sarai. Ban yarda da dabarar gusar da shi da ɗigon milimita don kawai saƙon kuskuren ya ɓace ba, domin siririn ƙarfen da zai rage ba zai tsira a kan injin ba.

Ɓangarorin da aka shigo da su ta fayil ɗin STEP ko IGES, nau'ikan fayil da ake musayar zane da su tsakanin manhajoji, su ma suna kawo cikas, musamman idan sun zo a matsayin ɓawo mai giɓi maimakon daskararren jiki. A buɗe ɓangaren shi kaɗai, a ɗinke giɓin da kayan gyaran manhajar, sannan a koma haɗin. A SolidWorks, danna Ctrl da Q yana tilasta sake gina komai daga farko.

Daga ƙarshe, masu zane da yawa suna buɗe fayil ɗin ɓangaren, su ga babu rami, su ɗauka yankan ya gaza. Bai gaza ba, domin a haɗin kaɗai yake zaune sai an zaɓi a aika shi cikin ɓangaren. Kafin a yi hakan a tuna cewa idan an yi amfani da ɓangaren sau huɗu, duka huɗun za su sami ramin, kuma fayil ɗin da aka kulle don karatu kawai ba zai adana sauyin ba. Idan ɗaya kaɗai ake son hudawa, a bar yankan a matakin haɗi, ko a ba wannan ɓangaren siga ta daban a cikin fayil ɗinsa, ko kuma fayil nasa na daban.